Mista Tunnicliffe da Saniyar Wilf

Shekara ashirin da shida na yi ina raba wasiƙu a Wendleby. Babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, babu karen da bai gwada haƙoransa a wandona ba, amma ban taɓa haɗuwa da abin da ya gundure ni kamar maƙwabcina Horace Tunnicliffe ba. Kare dai in ya yi haushi ya gaji yakan kwanta. Horace ba ya gajiya.

Da can dardumar ɗaki yake sayarwa a wani kanti a Leeds. Da ya yi ritaya sai ya tsinci wani tsohon littafin dokoki a shagon gwanjo, tun daga ranar garin bai sake sakewa ba. Ya tare kafinta a hanya, wai laifi ne ɗaukar katako a gefen titi inda mutane ke bi. Ya tsaya da agogo a hannu a ƙofar wata bazawara yana jira ta kakkaɓe darduma a waje a lokacin da doka ta hana. Mai sayar da kifi kuwa rabin awa ya yi yana amsa tambayoyi, wai an gan shi riƙe da kifin salmon cikin yanayi mai jawo zargi. Dokokin akwai su, ba shi ya ƙirƙira ba, ko da yake wasu ba su ma shafi garinmu ba. Amma kowa ya bar su suna barci, sai Horace.

To sai idonsa ya faɗa kan kujerar shugaban kwamitin gari. Misis Enid Braithwaite, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ita ke kai shekara goma sha ɗaya, kuma za a sake zaɓe ranar bikin gari na shekara, wato ran Asabar, da ƙarfe biyar na yamma.

Ran Laraba da la'asar ya shigo mashaya da wani dogon kwali a hammata, ya buga cokali a jikin kofi.

“Jama'a, ku miƙe.”

Ba wanda ya motsa.

“To ku zauna. Wannan da kuke gani takardar 'yancin birnin Landan ce, da sunana a jiki. Mai irinta yakan kora tumaki ya haye gada da su, ba mai ce masa uffan. Ran Asabar, ƙarfe ɗaya daidai, zan kora garke in haye gadar garin nan a gaban kowa. Daga nan sai ku zaɓa: mutumin da ya san haƙƙinsa, ko matar da iyakar saninta tsawata wa yara.”

Wilf Garside, manomin da ke bayan coci, ya ajiye kofinsa. “Gadar Landan aka ce, Horace. Tamu ko motar madara sai ta matse ciki take wucewa.”

“Gada gada ce. Doka ba ta zo da ma'auni ba.”

“Ka taɓa riƙe tunkiya a rayuwarka?”

“Shekara talatin da huɗu ina sayar da dardumar ulu. Babu abin da tunkiya za ta gaya mini game da kanta. Kai dai ka ara mini garke.”

“Tumakina suna kan tudu. Biyu suka rage a gida, tsofaffi. Ɗaya ba ta jin magana, ɗayar ba ta ji ma gaba ɗaya.”

“Biyu? Mutum kamata da tumaki biyu?”

“To in haɗa maka da Mabel.”

“Wace ce kuma Mabel?”

“Saniya.”

Horace ya ɗaga kai sama ya yi lissafi. “Saniya ɗaya ai ta kai tumaki goma. Sha biyu ke nan. Na karɓa.”

“In zo maka da karen kiwo?”

“Kare na wanda ba shi da kwarjini ne.”

Wilf ya dube ni, na dube shi, kowa ya maida hanci cikin kofinsa.

Ran Juma'a ina ban ruwa a bayan gida na jiyo Beryl, matar Horace, ta tagar kicinsu.

“Horace, ina jan labulen falo yake?”

“Yana bautar ƙasa.”

“Ka saurare ni da kyau. Shekara tara ina zuwa ta biyu a gasar kek, shekara tara Enid tana yi mini murmushin nan nata. Bana na samo sirrin. In ka kunyata ni gobe, ka nemi mai dafa maka abinci a cikin littafinka.”

“Gobe war haka ke matar shugaba ce.”

“Yau ma matar wawa ce, ban ga ya ƙare ni da komai ba.”

Asabar ta waye da yayyafi, kowa na gaya wa kowa an yi sa'ar yanayi. Wajen sha ɗaya da rabi sai ga Horace ya faɗo mashaya, wai zai ɗan jiƙa maƙoshi saboda jawabi. Ya yafa labulen kamar alkyabba, zobban ratayawa na nan a jiki suna kacau-kacau. Ya ɗora wata hula mai gashin tsuntsu, ya rataya sarƙar bahon wanka a wuya, sandarsa kuwa ƙarfen labulen ne.

Mu biyar ne a tebur har da shi. Kowa ya san ƙa'ida: in ɗaya ya sayo wa tebur, sai an zagaya kowa ya sayo nasa kafin a tashi. Ni na fara, kuma ba zan ɓoye ba, da gangan na yi. Bayan kofi na biyu Horace ya duba agogo ya yunƙura.

Wilf ya ce, “Au, haka ne? Ka sha namu ka gudu? Mai neman shugabanci?”

“Ni na ce zan gudu? Gyara zama na yi.”

Sai da ya shanye biyar cif. Da muka fito ya tsaya ya gai da akwatin wasiƙa, ya roƙe shi ƙuri'a.

A bakin gada rabin gari ya taru da lema. Wilf ya sauke dabbobin daga mota, ya damƙa wa Horace igiyar Mabel, ya hau kan katanga ya buɗe burodinsa da cuku. Mabel kuwa wata ƙatuwar ja ce mai idon wanda ya ga duniya ya ƙoshi.

Horace ya ɗaga ƙarfen labule. “Garke, gaba!”

Abin mamaki, suka tafi. Taki ɗaya, biyu, goma. Horace ya waiwayo yana yi wa jama'a hannu kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Suna kaiwa tsakiyar gada Mabel ta tsaya, ta duba gabas, ta duba yamma, ta durƙusa, ta kwanta a gicciye, ta fara tuƙa.

Motoci suka fara jeruwa ta kowane ɓangare: bas ɗin Skipton, motar mai askirim, wata motar biki da amarya a ciki. Minti goma sha biyar ba wanda ya danna hon. Sai tsaki ƙasa-ƙasa da girgiza kai. Can direban bas ya sauke gilashi.

“Yi haƙuri, yallaɓai, ba na son in takura maka. Ko saniyar nan za ta ɗan jima?”

A garinmu in mutum ya kai ga faɗin haka, to ya gama zagin iyayenka ke nan.

“Mabel,” in ji Horace, “da sunan doka, tashi.”

Mabel ta ci gaba da tuƙa.

“Wilf! Yaya ake tada ta?”

“Kai da ka san ulu?”

“Wannan ai ba ta da ulu!”

“To karanta mata takardar. Ƙila ba ta san da wa take magana ba.”

Wallahi sai ya karanta. Ya zaro takardar daga kwali, ya warware, ya gyara tsayuwa a gaban saniya ya fara rero sunansa da na ubansa. Takardar doguwa ce, gindinta na reto wajen gwiwarsa. Kurmar tunkiyar nan ta matso ta shinshina, ta kama. Yana karanta sama tana cin ƙasa. Sai da wata mata ta ce, “Mista Tunnicliffe, ana cinye maka 'yanci,” sannan ya duba. Ya ja, ta ja. Aka ji kyat! Ya tsira da abin da bai fi tafin hannu ba, ita kuma ta gangara gefen gada da ragowar a baki, ta nufi bakin kogi.

Ya bi ta, labule na tashi a bayansa.

A ƙarƙashin gadar akwai suwan, farar tsuntsuwar ruwan nan mai dogon wuya, da 'ya'yanta biyar. Duk garin an san ba a zuwa wurin a wannan watan. Tunkiya ta wuce ta gefenta lafiya. Da jan labule ya iso kuwa sai ta miƙe, ta buɗe fukafukai, ta yi huci kamar tukunyar shayi. Horace ya ɗaga ƙarfe.

“Mista Tunnicliffe!”

Misis Braithwaite ce daga kan gada, da muryar nan da ta sa rabin mutanen wurin fitsari a wando suna yara.

“Ka san ta wane ne kake shirin duka? Suwan da ba ta da alamar kowa a buɗaɗɗen ruwa, gidan sarauta ke da iko da ita. Kai ka gaya mana a taron kwamiti. Sau uku. Ba wanda ya tambaye ka.”

Hannun Horace ya tsaya a sama. Na ga fuskarsa tana kokawa da kanta. Ya sauke ƙarfen a hankali, ya cire hula, ya ɗan rusuna wa tsuntsuwar.

“Gafara dai, ranki ya daɗe, wucewa zan...”

Ta zabga masa fiffike a cinya. Ta sare shi a hannu. Wilf ya yi ihu daga kan katanga, “Gudu, wawa!”

“Ba a juya wa sarauta baya!” in ji Horace, yana ja da baya yana rusunawa. Taki uku ya yi, na huɗun babu ƙasa. Tsulum!

Ruwan bai wuce ƙugu ba, amma sai da ya nutse sau biyu kafin ya gane haka. Labulen kuwa ashe yana zuba. Ya fito wuyansa da hannuwansa jajur, hularsa ta kama hanyar teku.

Daidai lokacin ne masu rawar gargajiya suka fara a filin biki, can ƙetaren gada: dattawa shida cikin fararen kaya, da ƙararrawa ɗaure a ƙwauri, suna tsalle suna kaɗa hankici. Abin da Wilf bai gaya wa kowa ba shi ne, da ƙararrawa yake kiran Mabel cin dusa. Kunnuwanta suka miƙe. Saniyar da doka ta kasa tayarwa ta yi zumbur ta tashi, ta haye gada da sassarfa, igiya na jan ƙasa.

Dattawan suka hango ta suka watse. Suna gudu ƙararrawa na ƙara kaɗawa, ita kuma tana ƙara himma. Likitan haƙori ya haye tebur. Ma'ajin coci, mai shekara saba'in, ya tsallake shingen da ya fi ƙugunsa. Sauran huɗun suka faɗa cikin babban tanti, inda ake shan shayi ake kuma gasar kek.

Ni ma na bi, don ban ga dalilin da zai sa a ba ni labari ba.

Mutum arba'in ne a layin shayi. Saniya ta shigo, ba wanda ya bar layi. Kowa ya karkata gefe kawai, ƙafarsa na nan a gurbinta. Mabel ta bi ta gefensu ta wuce kai tsaye har gaban tebur. Nan ne fa hankalin jama'a ya tashi.

“Ke! Layi ake bi!”

“Minti ashirin ina tsaye a nan!”

“Ta wane ne wannan marar tarbiyyar?”

Mabel ta shinshina kek na uku ta wuce. Ta shinshina na biyu, na Misis Braithwaite, ta kau da kai. Sai ta tsaya a kan wani mai hawa uku da lemo a samansa, wanda alƙalan gasa suka jingina wa jan kati minti biyar da suka wuce. Na ɗaya. Beryl na tsaye a gefensa, hannu a ƙirji, ana shirin ɗaukarta hoto. Mabel ta tsoma fuska a ciki har ido.

Sai ga Horace ya shigo yana ɗigar jan ruwa. “Kowa ya kwantar da hankalinsa! Al'amarin yana hannuna!”

Ya damƙo igiya. Da ya ga ba zai iya janta ba sai dabara ta zo masa: ya ɗaure ta a sandar da ke riƙe da tsakiyar tanti, ya yi ƙulli biyu, ya kakkaɓe hannu. A waje wani daga cikin masu rawar ya motsa ƙafa. Ƙararrawa ta yi ƙara. Mabel ta juya.

Tantin ya sauko mana a ka gaba ɗaya, da ruwan saman da ya taru a kansa tun safe. Cikin duhu, ana tari ana laluben tabarau, na ji wata murya tana cewa, “A dai tuna, ni ke bayan mai koriyar hula.”

Da aka yaye tantin, Beryl na nan tsaye inda take, da jan katin a hannu, kirim a gira. Ta dubi mijinta tun daga sama har ƙasa.

“Labulena ne wannan?”

“Beryl, bari in yi miki bayani ta fuskar doka.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta taka ta kwance labulen daga wuyansa, ta matse, ta ninke shi huɗu, ta saƙala a hannu. Ashe saboda zafin labulen bai sa komai a ciki ba sai singileti da gajeren wando. Haka ta bar shi a gaban gari da sarƙar baho a wuya.

“Ranka ya daɗe, ɗan 'yancin Landan.”

Sajan Gwen Pritchard ce, 'yar sandar yankinmu. A shekara biyu Horace ya kai mata ƙara arba'in da ɗaya, har da ta wata agwagwa. Ban taɓa ganin mutum ya buɗe littafin aiki da nishaɗi irin na ranar ba.

“Madalla da kika zo, Sajan. Ina so in shigar da ƙarar tunkiya.”

“Za mu zo kanta. Wa ke da alhakin saniyar nan?”

Wilf ya ce, bakinsa cike da burodi, “Ni dai na miƙa igiya a gaban shaidu.”

Horace ya bugi ƙirji. “Ni ne. A hannuna take tun ƙarfe ɗaya, bisa haƙƙina. Ga takarda.”

Ya miƙa mata ɗan guntun da ya jiƙe. Ta juya shi gaba da baya.

“Nan ‘cliffe’ kawai na gani.”

“Ragowar na cikin tunkiya.”

“Ko da tana waje, Landan na can kudu, tafiyar mil ɗari biyu. Matso kusa. Hura mini iska.” Ta yamutsa fuska. “Kofi nawa?”

“Ɗaya.”

“Biyar,” in ji mu huɗu a tare.

“To, Mista Tunnicliffe, tunda kai ne masani, ai ka san dokar shekarar 1872. Laifi ne mutum ya bugu alhali yana kula da saniya a kan hanya.”

Bakinsa ya buɗe. “Babu wannan dokar.”

“Akwai.”

“Da akwai da na sani! A wane shafi take?”

“Littafinka shafi nawa ne?”

Can ya ce ƙasa-ƙasa, “Daga casa'in ya tsallaka zuwa ɗari da sha biyu.”

“To tana cikin waɗanda suka zube. Ka maimaita mini abin da ka ce ɗazu, saniyar a hannun wa take?”

“Ai... a gaskiya ita ke jana.”

“Ka faɗa wa alƙali haka. Shiga mota. A kan jarida za ka zauna, kada ka rina mini kujera.”

Da ƙarfe biyar aka yi zaɓe a zauren coci, kowa da bargo a kafaɗa da kofin shayi a hannu. Fasto ya ƙirga takardu ya miƙe: Misis Braithwaite saba'in da uku, Mista Tunnicliffe ɗaya.

Ɗaya? Horace yana ofishin 'yan sanda lokacin jefa ƙuri'a, ko kansa bai samu ya zaɓa ba. Duk zauren ya juya ya kalli Beryl.

Ta ce, “Duk wanda ya sake kallona, da hannuna zan ɗura masa abin da saniyar nan ta rage.”

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe. Horace ne, an sallamo shi da takardar sammaci, yana lulluɓe da bargon 'yan sanda, kunnuwansa har yanzu ja. Aka gaya masa sakamako. Ni na ɗauka zai nemi kujera ya zauna. Ina! Sai ƙirjin nan ya sake tasowa.

“Ɗaya! Kun gani? Duk da maƙarƙashiya, duk da tunkiya, akwai mai hankali ɗaya a garin nan. Daga ɗaya ake farawa. Wane ne? Ya fito in gaisa da shi a gaban kowa.”

Can baya wani siririn hannu ya ɗagu. Misis Doris Ackroyd ce, mai shekara casa'in da ɗaya, wadda ta girmi kowa a Wendleby, a keken guragunta. Horace ya ratsa jama'a, ya durƙusa a gabanta, ya kama hannunta da hannu biyu.

“Iya, ba zan manta da wannan ba. Faɗa musu dalili. Ɗaga murya kowa ya ji.”

“Iye?”

“Na ce me ya sa kika zaɓe ni?”

“Au, to ai kai ka fi cancanta, ɗana. Ba zaɓen wanda za a kora daga gari ake yi ba?”

Misis Braithwaite ta sunkuya a kunnenta ta yi mata bayani da ƙarfi cewa na shugaban kwamiti ne. Tsohuwar ta saurara, ta dubi Horace da ke durƙushe, ta zare hannunta ta goge a bargo.

“To yaushe za a yi wancan? Ku gaya mini da wuri, in sa a kawo ni.”